A Bari Mai Saye Ya Gwada Azara Da Katako Tun A Kasuwa

Yau ba farashin gero ko na gyaɗa za mu taɓa ba. Maganarmu a kan itacen rufi take, watau azara da katako, kayan da ake saye rana ɗaya a kwana ƙarƙashinsa shekara talatin.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata al'ada da muka daɗe muna gani a wuraren sayar da katako, daga nan ƙasar Kunci (ko Ghari za ku ce, kamar yadda takardun gwamnatin jiha suka koma kiran ƙaramar hukumar tun 2024) har zuwa manyan kasuwannin 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano. Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara, in ta yi ƙara garau ya biya, in ta yi dum ya ajiye, ba kuwa wanda zai ce ya ci mutuncin mai tukwane. Mai sayen sa yakan buɗe baki ya duba haƙori. Mai sayen dawa yakan cusa hannu har gindin buhu. Amma mutum ya zo sayen itacen da zai ɗauki rufin ɗakin 'ya'yansa, da ya fara juya katako yana dubawa sai ka ji an ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne, yara ku loda masa." Shi kuma don kunya sai ya yi shiru. Mu a ganinmu wannan kunya ba ta da wurin zama, kuma gyaran abin yana hannunmu mu masu sayarwa da masu dillanci, ba hannun baƙon da ya zo daga ƙauye ba.

Bari mu fara da nauyin da ake ɗora wa azara, domin mutane da yawa ba su taɓa lissafa shi ba. Ɗauki shigifa mai ƙafa 10 a tsawo, ƙafa 10 a faɗi, a zuba mata ƙasar rufi mai kaurin inci 6. Wannan ƙasa kaɗai, tana busasshiya, ta kai nauyin buhun siminti kimanin 50. In ruwan Agusta ya jiƙa ta sai ta ƙara. Sa'an nan kowace shekara kafin damina maigida yakan sa a hau a ƙara yaɓe, ba a kankare na bara ba, har kauri ya ninka ba wanda ya lura. Duk wannan a wuyan azara yake, dare da rana. Itace kuwa yana da wata ɗabi'a, yana gajiya. Masu binciken katako sun tabbatar cewa itacen da aka bar wa kaya shekara da shekaru ba ya iya riƙe fiye da kamar kashi 60 cikin 100 na abin da zai ɗauka a gwajin minti kaɗan, kuma lotsawar da ya yi ranar farko tana iya ninkawa da tafiyar shekaru. Shi ya sa soro ba ya faɗuwa ranar da aka gama shi. Sai ya yi ta lotsawa a hankali, ruwa ya riƙa kwanciya a tsakiya maimakon ya bi indararo, nauyi ya daɗu, lotsawa ta daɗu, har daren da za a ji kukan itace.

Maginan da sun san wannan sarai, ko da ba su rubuta shi da lamba ba. Ba su yarda azara ta tsallake fili fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da mataimaki ba. In ɗaki ya fi haka faɗi sai su fito da gajerun azara daga bango hawa-hawa, ko su gicciya a kusurwa, ko su ɗaura baka. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, ko ya ɗaga kai a Gidan Makama na Kano, zai ga abin da zaɓaɓɓiyar azara ke yi in ta haɗu da gwani. Ba sa'a ce ta riƙe waɗannan rufe-rufe ba. An zaɓi itacen ne guda guda.

To, yaya ake zaɓen? Giginya ba kamar sauran itatuwa take ba. Maɗaci ko ƙirya ƙarfinsu yana tsakiya, gefen da ke bin ɓawo shi ne mai rauni. Ita giginya a juye take, ƙarfinta yana fatar waje, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe kamar wayoyin ƙarfe, cikinta kuwa taushi ne kamar totuwa. Saboda haka azarar kirki ita ce wadda aka tsago daga gefe, daga gindin tsohuwar bishiya, ƙasa da kumburin nan na tsakiyarta, kuma masu sana'ar sun fi yabon namiji. Dubi bakin azara inda aka yanke. In baƙaƙen ɗigo sun cika shi ba masaka tsinke, ga nauyi, ga shi ka danna farce ko tsinin wuƙa ya ƙi shiga, wannan ita ce gara ke jin tsoro. In kuwa ɗigon jefi-jefi ne, fari ya yi yawa, farce ya nutse, to an haɗa da cikin bishiyar ko an sare ta ba ta tsufa ba. Irin wannan gara tana cin ta, tana kuma shan ruwa. Ɗaga ta ka saki ƙarshenta a kan dutse, ko ka buga da guduma. Mai kyau takan yi ƙara siriri mai tsawo. Mai ɓoyayyen ruɓa takan amsa a taƙaice, kamar an bugi buhu.

Mu nan arewacin Kano ba mu da dajin giginya da zai ishe mu. Azara baƙuwa ce, daga nesa ake kawo ta, daga kudancinmu ko daga irin dazuzzukan giginya na Dallol Mawuri wajen Gaya ta Nijar. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Da yake tsofaffin bishiyoyi suna ƙarewa, masu sara sun koma kan matasa, kuma bishiyar da a da za a tsaga ta a watsar da cikin, yanzu har cikin ake fito da shi a jera cikin lodi. Mai saro kaya bai ga bishiyar ba, dillali bai gani ba, maigida bai gani ba. Abin da ya rage mana duka shi ne gwajin da za a yi wa itacen a hannu.

Ga katako kuma, wanda yanzu shi ya fi tafiya tun da rufin kwano ya mamaye ƙauyuka. A nan ne ha'inci ya fi samun wurin ɓuya, domin sunan kaya ɗaya ne, tubaifo tubaifo ne, alhali abin da ke cikin sunan ya bambanta kamar doki da jaki. Farin katakon nan maras nauyi da 'yan kudu ke kira obece, nauyinsa bai fi rabi da ɗan ɗori na iroko ba, tsaurinsa ma haka. Yana da kyau ga silin da akwati da allon zuba kankare, amma ba a yi shi don ya ɗauki dogon rufi ba. In an tsoma shi cikin baƙin mai ko maganin gara mai launi, sai ya fito da kamannin babban katako, baƙo ba zai gane ba.

Sai kuma maganar awo, wadda ita ce ta fi ci mana rai. An ce inci 2 da inci 4, ka sa awo ka tarar da uku da rabi, wani lokaci ma uku. Mai sayarwa zai ce ai ɗan rabin inci ne, me ya rage? Ga abin da ya rage. Ƙarfin katakon da aka kafa a tsaye bisa gefensa ba ya bin tsayinsa kai tsaye, yana bin tsayin sau tsayin. Tsaurinsa kuwa, watau ƙin lanƙwasawa, yana bin tsayin sau uku a jere. Saboda haka in an rage 4 ya koma uku da rabi, an zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfi, da kashi ɗaya cikin uku na tsauri. In ya koma 3, ƙarfi ya kusa rabewa biyu, tsauri kuwa bai kai rabi ba. Mutum ya biya kuɗin mudu cike an auna masa rabi, sai dai shi wannan tauyen mudun ba a gida ake gane shi ba, sai ranar da iskar farkon damina ta zo.

Mun ambaci ƙarfi da tsauri, to, ba abu ɗaya ba ne, kuma a tsakaninsu ne dabarar take. Ƙarfi shi ne kayan da itace zai ɗauka kafin ya karye. Ba yadda za a san shi tabbas sai an karya itacen, wanda aka karya kuwa ba ya sayuwa. Tsauri shi ne gwargwadon lanƙwasawar da yake yi in an ɗora masa kaya kaɗan, wannan kuwa ana auna shi a sauke kayan itace ya miƙe lafiyarsa ƙalau. Masu bincike sun karya dubban katakai suna rubutawa, suka ga cewa a jinsi ɗaya, wanda ya fi tsauri galibi shi ya fi ƙarfi. A kan wannan ne aka ƙera injunan tantance katako a farkon shekarun 1960, a Amurka da Ingila da Ostareliya. Katako yana wucewa tsakanin tayoyin ƙarfe, inji ya ɗan danna shi, ya auna lanƙwasawar, ya buga masa hatimi. A ƙasashen Turai yau za ka ga an buga C16 ko C24 a jikin katakon gini, lambar tana faɗin ƙarfinsa, kuma kowane da farashinsa. Mai saye ba ya rantsar da kowa, hatimi yake karantawa.

Ƙwanƙwasawar da kakanninmu ke yi ma an mayar da ita na'ura. Ƙara tana gudu cikin busasshen itace mai kyau, bin tsawonsa, wajen kilomita 4 zuwa 5 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki goma na gudunta cikin iska. In itace ya ruɓe ko jijiyarsa ta karkace, gudun sai ya ragu. Ana buga ƙarshen katako da guduma, na'ura ta saurari amon, a haɗa da nauyinsa da tsawonsa, sai ta faɗi tsaurinsa. Har wayar hannu tana iya sauraron amon in an sa mata manhajar da ta dace. Akwai kuma wata siririyar allura da aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1980, ana huda tsohon itacen da ke cikin gini da ita, inda ta sami tauri ta nuna, inda ta faɗa rami ta nuna, ramin da ta bari kuwa bai fi na ƙusa ƙarama ba. Kunnen tsohon magini da waɗannan na'urori hanya ɗaya suke bi. Bambancin kawai, na'ura tana ba da lamba, lamba kuwa ba a musu da ita a gaban shaidu.

Ba muna cewa a sayo inji daga Turai a kafa a Shuwaki ba. Abin da muke kira gare shi bai fi ƙarfin kowace rumfar katako ba. Bulo biyu, a ajiye su ƙafa 10 tsakani. A kwantar da tubaifo a kansu bisa faɗinsa. A ja igiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe a gefensa, a sa alama a tsakiya. A ɗora buhun siminti guda, kilo 50, daidai tsakiya, a auna yadda katakon ya sauka. Bisa lissafi, busasshen katako mai cikakken awo daga jinsi mai tsauri zai sauka kamar inci ɗaya. Farin katako maras nauyi zai sauka inci ɗaya da rabi ko fiye. Wanda aka tauye wa kauri zai tona kansa nan take, domin zai zarce haka nesa. A sauke buhu, mai kyau ya koma daidai igiya. Wanda ya ƙi komawa, ko aka ji yana ƙas-ƙas, a fitar da shi daga kayan rufi. Azara ma haka za a yi mata, sai dai a matso da bulo zuwa ƙafa 6, a gwada ta da 'yan'uwanta masu kauri ɗaya. Ba sai an gwada lodi duka ba. In mutum zai sayi hamsin, ya zaro biyar da hannunsa daga inda ya ga dama, ba inda yaron shago ya nuna masa ba.

Amma fa kada wani ya ɗauka buhun siminti ya gama magana. Akwai aibin da ba ya nunawa, sai ido. Babba shi ne ƙulli, watau gurbin reshe. Ƙulli a tsakiyar faɗin katako da sauƙi, amma in ya zauna a gefen da zai kalli ƙasa, wajen tsakiyar tsawo, nan ne katako zai fara tsagewa, domin gefen ƙasa shi ake ja in kaya ya hau. Kafinta mai hankali yakan juya irin wannan ƙullin ya kalli sama. Na biyu karkacewar jijiya. In layin itacen bai bi tsawon katako ba, ya riƙa zamewa gefe, ƙarfi yana zubewa. Zamewar inci ɗaya a cikin kowane inci 10 tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfi, in ta kai ɗaya cikin 5 kuwa kusan rabi ya tafi. Yankan injin hannu da ake yi a daji ya fi kawo wannan, ga shi kuma kauri ba ya daidaita, nan inci biyu, can ɗaya da rabi. Na uku ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, alamar ƙwaro yana ciki yana aiki.

Sai danshi, wanda shi ne yake ruɗin masu cewa nauyi shi ne kyau. Katakon da aka sauke jiya daga kurmi ruwa ne cike da shi, yana da nauyi, baƙo ya ɗaga ya ce wannan ƙarfe ne. Alhali ɗanyen katako bai kai busasshe ƙarfi ba, kuma ya fi shi lotsawa in an bar masa kaya. Itace ba ya fara ƙanƙancewa sai ruwansa ya sauka ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100, daga nan kuwa yana ta tsukewa. Iskar kudu mai laima ba ta busar da shi sosai. Hunturunmu kuwa yana tsotse shi har ƙasa da kashi 10. Ka buga rufi da ɗanyen katako a watan Oktoba, kafin Maris ya murɗe, ya tsage a bakin ƙusa, ƙusa ta saki. Hadarin farko na Mayu ko Yuni ya zo da iska, sai a wayi gari kwano yana gonar maƙwabci, a ce iska ce. Iska ce, amma ta tarar da ƙofa a buɗe. Akwai ɗan abin awon danshi mai tsini biyu, girman wayar hannu, ana soka shi ya nuna lamba. Ƙungiyar 'yan katako ta kasuwa guda ba za ta kasa sayen ɗaya ba. Ko babu shi, a jera kaya a inuwa da 'yan sanduna tsakanin hawa da hawa don iska ta ratsa, a bar shi makonni kafin a sayar wa mai rufi.

Mun san abin da za a ce, domin mun ji shi a bakin abokan sana'a. Wani Alhaji da muke mutunci da shi ya ce mana, "Ku kuna rubutu ne, ni kuwa kuɗi na zuba. Lodi ɗaya na saro, mai kyau da maras kyau kuɗi ɗaya. In kowa ya tsince mai kyau, ragowar wa zan kai wa?" Maganarsa tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, ragowar ba shara ba ce. Mai yin benci yana so, mai kafa rumfa yana so, mai zuba kankare yana so, mai silin yana so. Abin da ake nema a raba tsibi uku, na ɗaukar rufi, na aikin tsaka-tsaki, na ƙaramin aiki, kowane da kuɗinsa. Na farko ya hau, na ƙarshe ya sauka, jimla ta fito. Haka 'yan hatsi ke yi, haka 'yan fata ke yi tun zamanin da ake auna kirgi a kanti. Yanzu da ake sayar da duka kuɗi ɗaya, wanda ya san kaya shi ke kwashe mai kyau da arha, talakan da bai sani ba ya biya kuɗin mai kyau ya tafi da na benci ya ɗora a kan iyalinsa. In kuma aka fara rabawa a nan, mai saro kaya zai sami bakin magana a can wurin masu injin tsagawa, ya ce tauyayyen awo ba zai biya shi kuɗin cikakke ba.

Wasu kuma sun ce wannan aikin hukuma ne. Ƙasar nan tana da littafin ƙa'idar gini da katako tun 1973, tana da cibiyar binciken gandun daji a Ibadan inda aka auna jinsunan itatuwanmu, tana da hukumar kula da ingancin kaya. Duk da haka ba mu taɓa ganin katako mai hatimin daraja a kasuwar ƙauye ba. In hukuma ta zo, madalla. Kafin ta zo, damina ba ta jira.

Ku dillalai, maganar ta fi shafarku. La'adar da kuke karɓa ta sanin kaya ce, ba ta nuna hanyar rumfa ba. Mutumin ƙauye yana kama hannunku ne domin ya ɗauka idonku ya fi nasa. Mun taɓa raka wani ɗan'uwa sayen azarar gyaran soron mahaifiyarsa, dillali ya yi ta rantsuwa cewa namiji ce tsohuwa. Da muka sa aka juya lodin, na sama baƙaƙe ne, na ƙasa kuwa farce yana shiga. Bai ji daɗi ba, mu ma ba mu ji ba, kuma daga ranar duk dangin nan ba wanda ya sake nemansa. Da a ce shi ya fara juya lodin da kansa, ya ce wannan ta rufi ce, wannan ta danni ce, da har yau yana cin la'adarsu. Dillalin da ke yawo da awo a aljihu da 'yar guduma a hannu ba zai rasa mai nemansa ba.

Muna roƙon shugabannin 'yan katako da sarakunan kasuwa na Kunci da Shuwaki da Bici da Ɗambatta su zauna a kan wannan tun rani bai ƙare ba, lokacin da masu gyaran soro da masu buga kwano ke cika rumfuna. A ware wuri guda a kowace kasuwa, a ajiye bulo biyu da igiya da buhu, a sa dattijon kafinta ko magini ya tsaya a kai, mai saye ya ba shi ɗan abin goro. Rumfar da ta fara, a aiko mana da sunan kasuwar da farashin tsibi ukun, za mu sa su cikin jerin farashi tare da na hatsi.